Kifin Teku a Akushin Sulhu

Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka tun da tsufa ya zo, amma wannan al'amari ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Sai dai in faɗa tun da wuri cewa shekaru sun yi nisa, kuma ban ajiye komai a rubuce ba. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani, ko na ce Talata inda ya kamata in ce Laraba. Abin da na tabbata da shi zan ce na tabbata, inda nake shakka kuma zan faɗa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin jikokin mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma sun auri juna.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne, ana cikin aikin gada, mutane na ƙetara kogi zuwa garin Malanbil da jirgin ruwa. Ni kuma ban daɗe da gama makarantar likitoci ta can bakin teku ba, aka turo ni Gaya. Ɗan wani ƙauye ne ni kusa da Yelu, saboda haka dattawan gari sun san ubana. A gabana su ce Lokotoro, wato likita, in na juya baya su ce ɗan wane. Halina kuwa tsoron kuskure ne. A makaranta an hore mu da cewa likita ba ya cewa tabbas sai ya gani da idonsa, ni kuma na ɗauki wannan horo na wuce da shi inda malamaina ba su nufa ba. Ko zazzaɓi aka kawo mini sai na ce wataƙila.

Akwai wani Alhaji mai motocin dakon kaya, babban mutum mai jiki, mai son man shanu da taba. Kamar wata guda kafin abin ya faru ya zo wurina.

"Lokotoro, in na hawo gangaren bakin kogi sai in ji kamar an ɗora mini buhun gishiri a ƙirji. In na tsaya kaɗan sai a sauke."

Na kama wuyan hannunsa, na ji jijiyar ta yi tauri kamar igiyar rama. Akwai farin zobe kewaye da baƙin idonsa, bugun jini kuma a bayan ƙafarsa da ƙyar na same shi. Na gane ciwon. Kitse ne ke taruwa cikin bangon jijiyoyin jini shekara da shekaru, bangon ya yi kauri ya taurare, hanyar ta ƙuntace, har jinin da ke ciyar da zuciya ya kasa isarta in an wahalar da ita. Cikin jin nauyi na ce masa ya rage man shanu da taba. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ubanka ya taɓa nuna maka kabarin wanda man shanu ya kashe? Ba ni ƙwaya, ɗana, ka bar mini akushina."

Na ba shi ƙwayar, na bar masa akushinsa.

Alhajin nan yana da aboki tun na ƙuruciya, mutumin Dandi, mai manyan jirage biyu da ke ƙetarar da kaya. Da jam'iyyu suka shigo gari sai suka raba su, wannan ya bi nan, wancan ya bi can, aka yi ta kai musu maganganu har suka yi kusan shekara biyu ba gaisuwa. Liman ne ya shiga tsakani. Aka shirya ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, za su ci abinci tare a zauren Alhaji. Mai jirgi ya aiko da kyauta tun da safe: bandar kifin teku, irin wanda ake kawowa daga kudancin Dahome. A garin da kifin kogi ya ishi kowa, wannan shi ne abin marmari. Aka yi miya da shi. Liman ya sa albarka ya tafi bai ci ba. Mutum shida suka zauna wa akushi guda: Alhaji, ƙanensa, mai jirgi, da ƴan kasuwa uku da suka zo shaida.

Ana cikin ci, mai jirgi ya zaɓo tsoka mafi girma, ya zare mata ƙaya, ya tura ta gaban Alhaji. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Girmamawa ce, kuma a ranar sulhu ta fi kowace magana. Kowa ya gani, kowa ya yaba. Ba a kai ga wanke hannu ba Alhaji ya fara susa.

Da aka kira ni na iso a kan keke na tarar da shi kwance a tabarma, gumi na zuba, idanunsa sun kaɗa, borin jini ya taso masa a wuya da ƙirji. Ya dafe ƙirjin da hannu biyu yana cewa buhun ya dawo, kuma wannan karon an ƙi saukewa. Na yi masa allurar da nake da ita. Ba ta yi komai ba. Kafin la'asar ya cika.

Na juya ga sauran biyar ɗin, na ce, "Akwai wanda ya ji wani abu a jikinsa?"

Suka ce lafiya lau. Ina tuna cewa duk suna gumi, wani ya ja rawani ya rufe wuya, wani ya sunkuyar da kai. Na ce a raina zafi ne da tashin hankali. A littattafanmu an ce fuskar mai irin wannan tana yin ja, amma ba a kan fatarmu aka rubuta littattafan ba, ni kuma ban matsa kusa na duba kowa ba. Na ji nauyin in ce wa dattawa su tuɓe riga a gaban gawa.

Ƙanen Alhaji ne ya fara magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mu shida muka ci, mutum ɗaya ya faɗi. Kuma duk mun ga hannun da ya tura masa nasa."

Na ce in za a bar ni in duba cikin gawar, wataƙila a san gaskiya. Ƙanen ya kalle ni kamar na zage shi.

"Ka yanka wa? Yayana? Ba a gidan nan ba."

Kafin magariba an rufe shi.

Washegari kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya aiko in kawo takardar sanadin mutuwa. Na rubuta na yage har sau uku. Zuciyata na gaya mini ciwon jijiyoyin nan ne, amma borin jinin fa? Ciwon zuciya ba ya sa ƙaiƙayi. In na ce ajali ne kawai, daga baya ta fito guba ce, ina zan sa kaina? Sai na samo abin da na ɗauka mafita ce. Na rubuta cewa zuciya ce ta tsaya, amma ba za a iya kawar da zancen guba ba. Na sa hannu, har na ji daɗin wayona, domin ta kowane gefe aka ɓullo ban yi ƙarya ba. Kumandan ya karanta, ya ɗauki alƙalami ya ja layi a ƙarƙashin rabin ƙarshe kawai. Kafin azahar gardi biyu, wato dogaran kumandan, sun ɗaure mai jirgi. Aka ce ranar Alhamis mota za ta tafi da shi Dosso a yi masa shari'ar kisan kai.

Garin ya lalace da zargi a kwanakin nan. Ba wanda ya ƙara shiga jirgin mutumin. Matarsa ta je rijiya, mata suka janye tulunansu. Ƴan wannan jam'iyya suka daina sayen goro wurin ƴan waccan. Ni ma ban tsira ba. Na zargi mai jirgi, na zargi matar da ta dafa miyar, na zargi ƴan kasuwan nan uku. Abincin da maƙwabta suka saba aiko mini na daina taɓawa, na koma dafaffen ƙwai wanda na ɓare da hannuna. Majo, wato babban ma'aikacin jinya da muke aiki tare, tsoho mai barkwanci, ya ce in na ci gaba haka zan fara cara da asuba.

Ranar Litinin da safe, in ban manta ba, aka kira ni kaso, wato gidan yari, in duba ko ɗaurarren zai iya tafiyar mota. Da ya tuɓe riga sai na ga ƙirjinsa da haƙarƙarinsa duk sawun farce ne da suka fara bushewa.

"Baba, wannan fa?"

"Abin da ya sami abokina ne ya same ni. Ni ma na yi bori, kaina kamar zai tsage, zuciyata na gudu. Kafin dare ya sake ni."

"To don me ba ka faɗa ba da na tambaya?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Lokotoro, karatu ya fitar da kai daga gari. In ce na ci guba tare da shi, shi ya mutu ni na tashi? Ai sai su ce na sha makari kafin in fito daga gida."

Ga wanda bai sani ba, makari shi ne maganin da ake cewa in mutum ya sha, sammu ko guba ba za su kama shi ba. A ganin mutanenmu na lokacin, wanda ya ci mugun abu ya rayu, to ya san da zuwansa. Na gane maganarsa, amma ban yarda da shi ba. A hanya ina cewa a raina, mutumin da ke jiran shari'a ai zai iya yaƙushin kansa.

Da azahar na je zaman makoki. Na makara, na tarar an tada sallah, na samu sahun baya. Da aka yi ruku'u huluna suka zame gaba, sai idona ya faɗa kan ƙeyar wanda ke gabana: sawun ƙaho sabo, tsagar ba ta gama warkewa ba. Na dubi na kusa da shi, haka. Allah ya gafarta mini, sallata ta ranar ba ta da natsuwa, domin ƙirga ƙeya na yi ta yi. Na samu huɗu. Ƴan kasuwan nan uku ne, na huɗun kuwa ƙanen marigayi.

Wanzamin unguwar yana zama ƙarƙashin wata tsamiya kusa da kasuwa. Tsoho ne mai kaifin baki, kuma ya daɗe yana ganin na zo in raba shi da sana'arsa.

"A'a! Yau mai allura ne wurin mai ƙaho? Ko allurar ta karye?"

"Aski na zo, Baba."

Ya zaunar da ni, ya jiƙa mini kai. Sai da askar ta sauko kusa da maƙogwarona na tuna cewa shi ma ban san na wane ɓangare ne ba. A hankali na tambaye shi ko ya sha aiki ranar Juma'a.

"Ni gashi nake kwashewa a kan mutane, ba na kwasar abin da ke cikin kan."

"Baba, ranar Alhamis za a tafi da mutum Dosso. Mai yiwuwa ba zai dawo ba."

Ya daɗe yana goga aska a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Suna dai ba za ka ji a bakina ba. Amma ran nan ƙahona bai huta ba. Kowa ta bayan gida ya shigo, kowa kansa na sara, kowa na susa kamar wanda ya kwana a rumbun gero, kuma kowa sai da ya sa na rantse ba zan gaya wa sauran ba. In ka kai ni gaban Nasara zan ce ban taɓa ganinka ba. Juyo wancan gefen."

A nan, da rabin kai a aske, wani darasi ya dawo mini. Can bakin teku an koya mana cewa wasu kifayen teku masu duhun tsoka, in suka jima cikin zafi kafin su bushe sosai, wani sinadari da ake kira histamin yana taruwa a jikinsu. Shi ne wanda jikinmu da kansa ke saki in rina ta harbi mutum, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Kifin ba lalle ya yi wari ba, wuta kuma ba ta kashe abin. Sai dai a ji wani yaji-yaji a harshe, wanda a miyarmu ba mai lura da shi. Na san wannan tun da daɗewa. Ban tuna da shi ba ne don hankalina ya tafi wajen neman mai laifi.

Talata na ƙetara Malanbil, na yi ta tambaya har na sami matar da ke sayar da kifin. Da farko ta ɗauka an aiko ni ne in kama ta. Da ta natsu ta ce motar da ta kawo kayan ta maƙale a laka kwanaki a hanya, ruwa ya taɓa kwandunan, ita ta sake shanya su. Ta ce akwai waɗanda suka dawo suna ƙorafin ƙaiƙayi, ta ce musu tattasai suka cika. Na karɓi biyu daga cikin kwandon, waɗanda hannun mai jirgi bai taɓa kusanta ba.

Na san in na tsaya gaban mutane ina bayanin histamin ba wanda zai saurare ni, kumandan ma zai ce likitansa ya canza magana don an roƙe shi. Saboda haka ranar Laraba da hantsi na roƙe shi ya tara liman, da ƙanen marigayi, da ƴan kasuwan uku a barandar ofishinsa. Kukunsa ya dafa kifin, gardi na tsaye a kansa. Majo ya zauna kusa da ni da allura a shirye. Na yi bisimilla na ci.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma tsoro biyu ne. Ɗaya, kada lissafina ya zama kuskure in bi Alhaji. Ɗayan, wanda ya fi damuna in zan faɗi gaskiya, kada in cinye kifin ba abin da ya same ni, in zama abin dariya, mutum kuma ya tafi Dosso. Kumandan na duba agogo. Majo ya raɗa mini cewa ko ba komai yau na huta da ƙwai.

Ban san minti nawa ba, ina jin bai kai rabin awa ba, sai fuskata ta ɗauki zafi kamar na leƙa tanda. Wuyana ya fara ƙaiƙayi, zuciyata ta kama gudu. Na buɗe riga don kowa ya ga borin yana tasowa. Na kai hannu zan sosa, sai na ji murya daga gefe.

"Kada ka sosa wuyan, ƙara tashi yake yi. Yanzu kuma kan zai fara sara ta nan."

Ƙanen marigayi ne, ya ɗora yatsu biyu a gefen goshinsa. Tausayi ne ya sa shi magana, ina ganin, bai yi tunani ba. Liman ya juyo ya dube shi da kyau.

"Kai a ina ka san haka?"

Sai ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai har kowa ya ga ƙeyar.

"Allah gafarta Malam, ni ma ya same ni. Na ji tsoro ne. Ni zan riƙe motocin Yaya, ni na ci na tashi. In ban nuna wani ba, ni za a nuna."

Ɗaya bayan ɗaya ƴan kasuwan suka cire nasu hulunan. Kowannensu ya kwana biyar yana zaton shi kaɗai ne abin ya taɓa, yana kallon sauran da zargi. Majo ya yi mini allura, kafin azahar jikina ya lafa. Na rubuta takarda ta biyu: kifi ne ya lalace, duk wanda ya ci ya taɓu, ya kashe mutum ɗaya ne saboda jijiyoyin zuciyarsa sun riga sun ƙuntace. Kumandan ya tambaye ni abin da ya hana ni rubuta haka tun farko. Na miƙa masa takardar kawai.

An saki mai jirgi a ranar. Amma bai ƙara wata guda a Gaya ba, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetare. Wasu a gari har suka mutu suna cewa ni ma makarin Nasara na sha kafin in ci. Na haɗu da shi sau ɗaya a bakin ruwa, na fara ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Ka ci mugun kifi saboda ni, Allah ya saka maka. Amma ɗana, da ka ɗaga rigata ranar Juma'ar nan, da ba ka sha wannan wahala ba, ni ma da ina gidana."

Shekaru da yawa bayan haka, ina karanta abin da masu bincike ke rubutawa, na ga ana cewa histamin ba baƙo ba ne a ciwon da Alhaji ke da shi. A bangon jijiyar da kitse ya taru akwai wasu ƙwayoyin jiki masu ajiye shi, kuma sun fi yawa a inda ciwon yake. Ana ganin in suka sake shi, yana sa fatar cikin jijiya ta yi rauni har kitse ya sami hanyar kutsawa, yana kiran kumburi, kuma jijiyar da ta riga ta lalace tana iya matsewa in ya taɓa ta, maimakon ta saki kamar lafiyayya. In haka ne, abin da ya sa mu susa shi ya shaƙe ƴar hanyar da ta rage wa zuciyarsa. Na ce in haka ne, domin ban ga cikin ƙirjinsa ba, kuma masu binciken da kansu ba su ce sun gama ba. Abin da na tabbata da shi dai, tsokar da aka tura gabansa ba ta fi sauran komai ba sai girma.

Abin da na koya shi ne, kalmar wataƙila ba mafaka ba ce. Na rubuta ta don in kare kaina daga kuskure, sai ta sauka a wuyan wani. Shakka tana da kyau in ta tashe ka ka je ka duba. Tawa kuwa zaunar da ni ta yi a kan tebur ina gyara jimla, alhali amsar tana ƙarƙashin rigunan mutum biyar da na ji nauyin taɓawa. Tun daga lokacin, duk abin da zan sa wa hannu sai na tambayi kaina wa zai ɗauki nauyinsa in ni na ƙi ɗauka.

Na san akwai sauran ƴan tsiraru, a Gaya ko a ƙetare, da suka ga wannan da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu. In na yi kuskure a rana, ko a adadin mutanen, ko na ɗora wa wani maganar da bai yi ba, ina roƙo a aiko mini da gyara. Musamman iyalin mai jirgi: in abin da ya gaya muku ya saɓa da nawa, nasa za a ɗauka, domin shi ya kwana a kaso, ni kuwa sa hannu kawai na yi.